Kafin A Sayo Sabon Fad Na Gem Ɗin Kwamfuta: Shawarwari 12 Ga Iyali

A gidaje da yawa yanzu laftof ɗaya ce ke aiki uku: da safe a yi aikin ofis ko lissafin shago, da rana ɗalibi ya yi nasa, da daddare samarin gida su kewaye ta ana buga ƙwallo. Inda ake buga gem kuwa ba a daɗewa sai ƙorafi ya taso: "Abba, fad ɗin nan fa ya mutu," ko kuma "Yaya, don Allah a sayo mana irin na PS5." Mai bayar da kuɗi yawanci bai san abin da zai tambaya ba, mai neman kuɗi kuma ya riga ya ƙyalla ido ya ga sabo a hannun aboki.

Fad na asali ba ƙaramin kuɗi ba ne. Na Xbox Series ya fito a 2020 a kan kimanin dala 60, DualSense na PS5 kuma dala 70. Duk wanda ya san canjin yau ya san wannan kuɗin cefanen kwanaki ne. Shi ya sa bai kamata a ciro su ba sai an iya amsa tambaya uku: wane gem ake bugawa, mene ne takamaiman laifin wanda ke gida, kuma hannun wa zai riƙe sabon. Ga shawarwarin da za su taimaka a amsa su.

1. A fara da tambayar wane gem ake bugawa

Ba kowane gem ne ke buƙatar fad ba. Wasannin ƙwallo irin su eFootball, wanda har yanzu muke kira PES, da EA Sports FC, wanda ya gaji FIFA tun 2023, da fad aka tsara su. Haka wasannin faɗa irin su Tekken da Mortal Kombat da Street Fighter, da na tseren mota irin su Forza Horizon da Need for Speed. A tseren mota ne bambancin ya fi fitowa fili. Maɓallin kibod abu biyu kawai ya sani, a danne shi ko a sake shi. Tirigar fad kuwa tana jin nauyin yatsa, ana iya ba mota wuta kaɗan-kaɗan a kwana.

Akwai kuma gem ɗin da maus da kibod suka fi dacewa da su nesa ba kusa ba: Counter-Strike 2, Valorant, Dota 2, Football Manager, Age of Empires. Yaron da waɗannan ne wasanninsa, maus mai kyau ya fi masa amfani. Idan ana shakka, a buɗe shafin gem ɗin a Steam, kasuwar gem ta intanet, ana rubuta ko yana karɓar fad gaba ɗaya, ko rabi-rabi, ko ba ya karɓa sam.

2. A leƙa durowa tukuna

Gidan da aka taɓa ajiye PlayStation ko Xbox, akwai yiwuwar abin da ake shirin saye yana kwance a durowa ko a bayan talabijin.

DualShock 4 na PS4 yana aiki da kwamfuta ta kebul ko ta Bluetooth. A danne Share da maɓallin PS tare har fitilar ta fara ƙiftawa, sannan a neme shi a jerin Bluetooth na Windows. DualSense ma haka, sai dai shi Create da PS ake dannewa. Fad ɗin Xbox One da aka yi daga 2016 zuwa sama suna da Bluetooth. Ana gane su da cewa robar da ta kewaye maɓallin Xbox haɗe take da fuskar fad ɗin. A tsofaffin kuwa, haɗe take da robar sama inda maɓallan kafaɗa suke, su kuma kebul ɗin micro-USB ya ishe su. Na Xbox 360 mai kebul, da an soka shi ya kama. Marar kebul ɗinsa ne ke da sharaɗi: sai da risiba ta musamman, domin igiyar cajinsa wuta kaɗai take kaiwa. Switch Pro na Nintendo yana aiki ta Steam. Har tsohon fad na PS2 ana haɗa shi da ɗan ƙaramin adafta na USB. Na PS3 ne mai wahalar sha'ani, sai an girka masa direba ta daban.

3. A gano ciwon kafin a ce ya mutu

"Ya lalace" ba bayani ba ne. A zaunar da mai ƙorafi a gaban kwamfuta ya nuna abin da ya gani. A danna maɓallin Windows da R tare, a rubuta joy.cpl, a buɗe fad ɗin da ya bayyana. Za a ga ɗan akwati mai alama a tsakiya da jerin lambobi. Kowane maɓalli aka danna lambarsa za ta kama, analog na hagu kuma, wato 'yar sandar da ake juyawa da babban yatsa, zai motsa alamar. Idan komai ya amsa a nan amma ya ƙi a cikin gem, fad lafiyarsa ƙalau, matsalar ta saiti ce.

Idan kwamfuta ba ta gan shi ba ko kaɗan, a fara zargin kebul. Yawancin 'yan igiyoyin da ke zuwa da fawa-bank da fitilun caji wuta kawai suke ɗauka, ba su da wayoyin saƙo a ciki. Fad zai kawo haske, mutum ya ɗauka ya haɗu, alhali bai haɗu ba. A gwada kebul ɗin da aka san ana tura hotuna da shi daga waya zuwa kwamfuta, a kuma sauya ramin USB. DualShock 4 da DualSense suna da ɗan ƙaramin rami a baya. A sa tsinke a danne abin da ke ciki na 'yan daƙiƙu, sannan a sake haɗawa.

Akwai kuma ƙorafin "fad yana jinkiri". Sau da yawa laftof ce ta gaji. Galibin laftof suna rage ƙarfinsu da zarar an cire caja, gem ya riƙa sarƙewa, ɗan wasa ya ga ya danna fas amma ƙwallo ba ta tafi da wuri ba. A sa caja, a rage ingancin hoto a saitin gem, a ɗaga ta daga kan katifa ta sha iska. Kwamfutar da ba ta iya ɗaukar gem, ko fad ɗin dala 200 aka soka mata ba za ta canza hali ba.

4. A san hanyar da fad ke magana da Windows

Hanya biyu fad ke bi ya isar da saƙo ga gem. Tsohuwar ita ce DirectInput. Sabuwar, XInput, Microsoft ya kawo ta tare da Xbox 360 a 2005, kuma ita galibin gem na zamani suke saurare. Shi ya sa fad ɗin Xbox ke kamawa nan take, alamominsa na A, B, X, Y kuma su ne ke fitowa a allo.

'Yan fad masu araha na USB, har da masu zuwa biyu a kebul ɗaya, yawancinsu tsohuwar hanya suke bi. A nan ne ake jin "analog ɗin dama ya juye" ko "na danna shot yana ba da fas". Wannan ba lalacewa ba ce, kuma ana gyara ta kyauta. Manhajar x360ce tana sa gem ya ɗauki fad ɗin a matsayin na Xbox. Steam ma yana da nasa tsarin, Steam Input, mai karɓar fad ɗin PlayStation da Nintendo da marasa suna, har ana iya shigar da gem ɗin da ba a Steam aka samo shi ba don ya amfana. Ga fad ɗin PlayStation a wajen Steam akwai DS4Windows. Sai dai kada a kunna biyu a lokaci guda: gem zai ga fad biyu, dannawa ɗaya ta zama biyu, menu ya riƙa tsalle.

Wasu fad ɗin suna da makunnin sauya hanya a jikinsu. Logitech F310, misali, yana da ɗan makunni a baya mai alamar X da D. Yaro ya taɓa shi da wasa, sai gida ya ɗauka fad ya mutu. Idan za a sayi sabo, a duba kwali a tabbatar an rubuta XInput.

5. Jan analog: a fahimci dalilinsa

Wannan ne ciwon da ya fi tura mutane kasuwa. An saki analog amma ɗan wasa yana tafiya da kansa, ko kyamara tana juyawa ba wanda ya taɓa ta. A ƙarƙashin kowane analog na gargajiya akwai 'yan na'urori biyu da ake kira fotenshiyomita, irin abin da ke cikin maɓallin ƙara murya na tsohuwar rediyo: ɗan ƙarfe yana goga a kan zanen gawayi, daga inda ya tsaya ake gane inda yatsa ya karkata. Yau da gobe gugar tana cinye zanen, ƙura ta shiga, sifirin da ke mayar da analog tsakiya ya saki.

A 2021 iFixit, masu koyar da gyaran kayan lantarki a Amurka, sun kwance DualSense suka nuna cewa analog ɗinsa na kamfanin Alps ne na Japan, irin wanda ke cikin DualShock 4 da na Xbox One da Switch Pro, kuma masana'antar ta ƙiyasta masa juyi miliyan 2. A lissafinsu, ko mai buga gem ɗin da bai kai na harbi zafi ba zai iya cinye wannan cikin sa'o'i 400 da 'yan kai. Ke nan tsada da sunan kamfani ba sa hana wannan ciwo.

Kafin a yanke ƙauna a gwada abu biyu. Na farko, a kashe fad, a cire batir idan mai cirewa ne, a ɗiga ɗan sifirit irin wanda masu gyaran waya ke wanke bod da shi a gindin analog, a jujjuya shi sosai, a bar shi ya bushe. Ban da ruwa, ban da fetur, ban da man keke. Na biyu, a nemi saitin da aka rubuta wa Deadzone a cikin gem ko a Steam, a ƙara shi kaɗan. Wannan yana sa gem ya yi watsi da ƙaramin motsin da ke kusa da tsakiya. Idan jan ƙarami ne, fad zai ƙara watanni yana aiki. Idan kuwa sai an ƙara shi da yawa har ɗan wasa ya daina jin ƙaramin motsi, lokacin mai gyara ya yi.

6. A yi lissafin gyara da saye

Masu gyaran waya da na gem suna iya abubuwa da yawa da kuɗi kaɗan. Maɓallin da ya daina amsawa, galibi robar ƙarƙashinsa ce ta yage ko ta yi datti, canza ta ba wuya. Hular analog da ta cinye ana sa wata. A DualShock 4, batir soke shi aka yi ba like shi ba, ramin cajin kuma a ɗan ƙaramin bod yake na daban, duka ana canza su ba tare da narka dalma ba. A dai tafi da fad ɗin a gwada, domin samfurin farko da na 2016 ba kayansu ɗaya ba.

Canza analog gaba ɗaya shi ne aikin da ke son gwani, don like yake da dalma a jikin babban bod, zafi ya yi yawa bod ya tafi. A tambayi mai gyara kai tsaye: "Malam, ka taɓa canza irin wannan? Idan ya dawo da ja cikin sati fa?" Amsarsa za ta nuna ko a bar masa ko a ƙara gaba.

Ƙa'ida mai sauƙi: fad na asali mai ciwo ɗaya, a gyara shi. Wanda ciwonsa ya kai uku, ko gyaransa ya haura rabin kuɗin sabo, ko dama can ɗan araha ne, a haƙura da shi. Kada a jefar, robobinsa da maɓallansa za su yi wa wani amfani.

7. Idan sayen ya zama dole, a fara duba analog

Tunda an san inda fad ke fara mutuwa, nan ya kamata ido ya fara sauka. Akwai analog da ba ya guga sam. Maganaɗisu ne a jikinsa, wata 'yar na'ura kuma tana auna motsinsa ba tare da sun taɓa juna ba. A kwali ana rubuta masa Hall Effect, daga sunan Edwin Hall, masanin kimiyya ɗan Amurka da ya gano wannan hikima a 1879. Ba sabon abu ba ne ko a duniyar gem, Sega ta yi amfani da shi a fad ɗin Dreamcast tun 1998. Akwai kuma ƙaninsa na baya-bayan nan da ake rubuta wa TMR, shi ma da maganaɗisu yake aiki.

Kamfanoni irin su 8BitDo da GameSir da GuliKit suna yin irin waɗannan, kuma da yawansu ba su kai na Sony da Microsoft tsada ba. 8BitDo Ultimate 2C marar kebul ya fito a 2024 a kan kimanin dala 30, rabin kuɗin na Xbox. GameSir G7 SE mai kebul ne, yana aiki da kwamfuta da Xbox. Ga gidan da yara ke buga ƙwallo kullum, wannan shi ne sayen nagari, mayar da kuɗi gida.

Sai dai a sani, maganaɗisu ciwon guga kaɗai ya kawar. Sifirin zai iya saki, maɓallan kafaɗa za su iya karyewa, fad ɗin da aka buga da ƙasa saboda an sha ci uku ba abin da zai cece shi.

8. Kebul, Bluetooth ko dongul?

Mai kebul ya fi araha, ba ruwansa da caji, ba ya yankewa a tsakiyar wasa. Ga wanda ke zaune dab da laftof, shi ne zaɓi na farko. A nemi wanda kebul ɗinsa ke cirewa, mai USB-C, domin idan igiya ta tsinke ita kaɗai za a canza. Haɗarinsa ɗaya ne: ƙaramin yaro ya gitta da gudu ya fizgo laftof ƙasa. Gidan da ke da masu rarrafe da masu guje-guje, a yi la'akari da wannan.

Bluetooth yana da daɗi, amma ingancinsa ya dogara da na kwamfutar. Tsohuwar laftof takan riƙa yankewa, musamman idan an haɗa fad biyu da abin kunne a lokaci guda. Yawancin kwamfutocin tebur ba su da shi sai an saya musu. Kuma fad ɗin Xbox ba ya fitar da sauti ta ramin abin kunnensa idan ta Bluetooth aka haɗa shi da Windows.

Dongul, ɗan tsinken USB da ke zuwa da wasu fad, ya fi Bluetooth tsayawa da saurin amsawa. Idan yana yankewa, a cire shi daga ramin USB 3.0, mai shuɗin ciki, a mayar da shi ramin 2.0 ko a sa masa 'yar igiyar ƙari, domin USB 3.0 yana damun siginar 2.4 GHz da dongul ke amfani da ita. A ware masa wurin ajiya tun ranar farko, ɓatansa na nufin komawa kan kebul.

Mai kwaɗayin DualSense saboda tirigarsa mai tauri da girgizarsa ta musamman ya sani cewa a kwamfuta ba kowane gem ke amfani da su ba, waɗanda ke yi ma da yawansu sai ta kebul.

9. A auna batir da yanayin wutar unguwa

Fad ɗin Xbox batir AA biyu yake ci. Wasu na ganin wannan koma-baya ne, amma inda wuta ba ta tsayawa yana da fa'ida: batir ya ƙare, a canza, wasa ya ci gaba. Mafi sauƙi ga aljihu shi ne a sayi batir masu caji guda huɗu nau'in NiMH da cajarsu, biyu suna aiki biyu suna jira. Ƙananan batir masu araha na tocila ba sa daɗewa, kuma idan aka manta su a ciki suna zubar da ruwa su ci ƙarafan. Duk lokacin da za a ajiye fad na tsawon makonni, a cire su.

DualShock 4 da DualSense batirinsu a ciki yake, kuma 'yan sa'o'i suke yi kafin su nemi caji. Switch Pro ne gwarzon wannan fage, Nintendo ta ƙiyasta masa kimanin sa'o'i 40. Batirin ciki ba ya shiri da zafi. Kada a bar fad a mota da rana ko a bakin taga a watan Afrilu. A yi masa caji daga jikin kwamfuta ko da caja amintacciya, ba kowace aka tsinta ba, musamman lokacin da janareta ke sama da ƙasa. Idan bayan fad ya fara kumbura, a daina amfani da shi nan take a kai a canza batir.

10. Hannun wa, kuma mutum nawa?

Wanda ya tashi a gidan gem yana buga PES da fad ɗin PlayStation, yatsunsa sun saba da analog biyu a jere a ƙasa. Na Xbox kuwa na hagu a sama yake, na dama a ƙasa. Ba wanda ya fi wani, sabo ne kawai, kuma sati ɗaya zuwa biyu ya isa hannu ya koya. Na Nintendo ne ke rikita mutane: A da B sun yi musayar wuri idan aka kwatanta da na Xbox, tirigoginsa kuma dannawa kawai suka sani, ba sa jin nauyin yatsa, don haka bai dace da tseren mota ba.

Girma ma abin dubawa ne. DualShock 4 nauyinsa kimanin giram 210, DualSense kimanin 280, kuma ya fi cika hannu. Yaro ɗan shekara bakwai zai fi sakewa da ƙarami. In da hali, a bar mai amfani da shi ya riƙe kafin a biya.

Sannan a ƙirga masu wasa. Ƙwallo da faɗa daɗinsu a mutum biyu yake. Gidan da ke da samari uku, fad biyu masu matsakaicin kuɗi sun fi ɗaya mai tsada kawo zaman lafiya, domin daga ranar da aka kawo sabo guda ɗaya, duk wanda aka ci zai ce tsohon aka ba shi. Haka nan a tuna da waya: fad ɗin Xbox mai Bluetooth da na PlayStation suna haɗuwa da wayoyin Android da iPhone na zamani, ko da yake ba kowane gem na waya ke karɓarsu ba.

Su kuwa manyan masu tsada, Xbox Elite Series 2 da ya fito a 2019 a kan dala 180 da DualSense Edge na 2023 a kan dala 200, an yi su ne don masu gasa da ke buƙatar ƙarin maɓallai a baya. Analog ɗinsu mai guga ne kamar na gargajiya. Gida ba ya buƙatarsu.

11. A shiga kasuwa da laftof a jaka

Ko Farm Centre ko Titin Beirut a Kano aka nufa, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, kaya kashi uku ne: sabo na asali, na hannu, da kwafi. Kwafi ba laifi ba ne idan an faɗa maka kwafi ne kuma kuɗin kwafi ka biya. Asara ita ce a biya kuɗin asali a karɓi jabu. DualShock 4 na cikin waɗanda aka fi kwaikwaya, har kwali da tambari da lambar baya. "Sabo dal a kwali" a kan rabin farashi ya isa ya sa mutum ya ja baya, araha ba ta ado.

A tambayi mai shago a fili: "Alhaji, tsakani da Allah, orijina ne ko kwafi?" Sannan a gwada, gani ya kori ji. A soka shi a laftof, a buɗe joy.cpl. A saki analog a ga ko alamar ta tsaya cak a tsakiya. A juya shi a hankali zagaye guda a ga ko tana tsalle. A tura shi gefe a sake shi sau da yawa a ga ko yana komawa wuri ɗaya. A matsa kowace tiriga sannu a hankali a ga ko ma'aunin yana hawa a jere. A danna kowane maɓalli, har da danna kan analog ɗin kansa. A girgiza kebul a bakin rami a ga ko yana yankewa. Idan marar kebul ne, a haɗa shi ta Bluetooth a ja da baya taku biyar.

Akwai ƙarin gwaji ga na asali: manhajar Xbox Accessories ta Microsoft tana gane fad ɗin Xbox har ta sabunta shi, PlayStation Accessories ta Sony kuma tana yi wa DualSense haka. A girka su tun daga gida. Ga na hannu, a duba kan sukurorin baya, idan sun cinye an sha buɗe shi.

Garantin kamfanin da ke ƙetare da wuya ya yi wa mai saye a nan amfani. Wanda ke aiki shi ne na mai shago, don haka a sa ya rubuta kwanakin a jikin rasit. Idan ta intanet za a saya, a karanta sharaɗin mayar da kaya kafin a tura kuɗi, a kuma gwada a ranar da kaya suka iso.

12. A kafa dokar riƙo, sannan a yanke hukunci

Ƙurar hunturu, zufa, da maiƙon ƙosai ko suya su ne manyan masu rage kwanan fad. A ware masa jaka ko kwali mai murfi, a goge shi da busasshen ƙyalle bayan wasa, a wanke hannu kafin a ɗauka. Kada a naɗe kebul da ƙarfi a jikinsa, daga nan igiya ke fara karyewa ta ciki. A yi yarjejeniya da yara tun kafin a kawo shi: lokacin wasa sananne ne, ba ya shiga lokacin salla da karatu da barci, wanda ya jefar da fad don fushi kuma ya huta na sati. Idan saurayi ne mai ɗan abin hannunsa, a bar shi ya kawo wani kaso na kuɗin. Abin da mutum ya sa guminsa a ciki ba ya wurgi da shi.

Bayan duk wannan, hukunci ba shi da wuya. Idan gem ɗin na maus ne, ko akwai fad mai lafiya a durowa, ko gwaji ya nuna kebul ne ko saiti, kada a sayi komai. Idan na asali ne mai ciwo ɗaya, a kai shi gyara. Idan babu fad sam kuma ƙwallo ko faɗa ko tsere ake bugawa, ko na gida ya wuce gyara, ko ana buƙatar na biyu, a saya: mai XInput, mai analog na maganaɗisu in an samu, mai kebul in kusa ake zama. Idan kuwa duk dalilin da aka iya kawowa shi ne an ga sabon launi a hannun aboki, a ce a dawo da maganar bayan sati biyu. Buƙata ta gaskiya za ta dawo da hujjarta, sha'awa kuwa kafin nan ta koma kan wani abin.